Daga gidan rediyo zuwa banki: labarin Baturen Barclays da aka ba ni gaskiya ne?

Mai Farashin Kasuwa, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa aikin banki ko na jarida.

Shekarata bakwai a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Garwa. Shirin farashin kasuwa nake yi, da Hausa da Fulatanci. Ranar Lahadi in hau babur in tafi Pitowa in ji kuɗin buhun masara da gyaɗa da albasa, lokacin auduga kuma ina bin manoma wajen awo, in ji nawa aka cire musu na bashin taki da maganin feshi, nawa ya rage a hannu. Ina son aikin, Allah ya sani. Amma albashina jaka 85 ne, shi ma sai in ya zo. Yanzu haka ina bin wata biyu. Ga mata, ga yara biyu, ga mai gidan haya a Yelwa da ya daina amsa gaisuwata da fara'a.

Makon jiya daraktan wani ƙaramin bankin ba da rance ya kira ni ofishinsa. Ya ce zai ba ni jaka 220 da sabon babur. Aikin shi ne in zama bakin kamfani: in shiga ƙauyuka in jawo manoma su buɗe asusu, in riƙa yi musu talla a rediyo da muryar da mutane suka saba da ita. Na ce masa ni adabi na karanta a Ngaundare, ban san komai a lissafin banki ba. Sai ya yi dariya ya ce a Ingila an yi wani ɗan jarida, Martin Taylor, wanda Sinanci ya karanta a jami'a, amma ya zama shugaban bankin Barclays gaba ɗaya. Wai ni ma wa ya san inda zan kai.

To tambayata biyu ce. Labarin nan haka yake ko daɗin baki ne? Sannan ku da kuka san harkar, in karɓa?

Tsohon Akawu, Marwa

Wa alaikumus salam ɗana. Ina jin shirinka duk sanda na sauko Garwa wajen 'yata, don haka ba baƙo ba ne kai a kunnena.

Labarin gaskiya ne, sai dai daraktanka ya ba ka kai da ƙafa ya cinye tsakiyar. Shekara 29 na yi a banki, daga kan kanta ina ƙirga kuɗi har teburin rance, kuma labarin mutumin nan da shi aka buɗe mana wani kwas a Duwala ba da jimawa ba bayan ya bar kujerar. Tun daga nan nake bin sawunsa. Bari in ba ka shi a jere, sai ka auna da kanka.

An haife shi a 1952. Ya yi makarantar Eton, wadda 'ya'yan manya ke zuwa, ya wuce Oxford ya karanci harsunan gabas, Sinanci a ciki. Wannan daraktanka bai yi ƙarya ba. A 1974 ya shiga kamfanin dillancin labarai na Reuters, a 1978 ya koma jaridar Financial Times, inda ya yi shekara huɗu yana rubuta shafin da ake kira Lex. A nan nake so ka tsaya. Lex ba shafin labarai ba ne irin na "minista ya ce, gwamna ya buɗe". Kamfani zai fitar da lissafinsa na shekara da safe, kafin dare marubucin ya feɗe shi: ribar nan ta gaske ce ko kwalliya, bashin da ke wuyansu ya fi ƙarfinsu ko a'a, daraktoci suna faɗin gaskiya ko suna ɓoye wani rami. A taƙaice ake rubutawa, a lokacin ba a ma sa sunan marubuci, kuma masu kuɗin London da shi suke karyawa. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana wannan kullum ya karanta takardun kamfanoni fiye da akawu da yawa da na sani masu takardar shaida a bango. Ka ga ke nan Sinancin ba shi ya kai shi ko'ina ba.

Sannan bai fita daga jarida ya faɗa banki ba. A 1982 ya tafi Courtaulds, tsohon kamfanin zare da saƙa, ƙarƙashin shugabansa Christopher Hogg. Shekara goma sha ɗaya ya yi a harkar tufafi. Da aka raba kamfanin biyu a 1990, shi aka damƙa wa ɓangaren saƙar, Courtaulds Textiles, masu ɗinka wa shagunan Marks & Spencer kaya. Ku mutanen Garwa ba sai an yi muku bayanin masaƙa ba, CICAM na gabanku. Harka ce ta riba ƙanƙanuwa, ga ma'aikata dubbai, ga kayan Asiya masu araha suna shigowa. A can ya koyi abin da alƙalami ba ya koyarwa: biyan albashi a watan da ba a yi ciniki ba, rufe masana'anta kana kallon idon mutanen da za su koma gida, jayayya da babban mai saye a kan kwabo. Wannan shekaru goma sha ɗayan su ne tsakiyar da daraktanka ya cinye.

Barclays kuma ba don sha'awar ɗan jarida suka ɗauko shi ba, wuya ce ta kai su. A 1992 bankin ya yi asarar fam miliyan 242, galibi saboda rancen da ya zuba wa masu gine-gine da filaye, kasuwar ta faɗi. A lokacin mutum ɗaya, Andrew Buxton, ɗan gidajen da suka gaji bankin, shi ne shugaban hukumar daraktoci kuma shi ne mai gudanarwa. Masu hannun jari suka ce sai an raba kujerun, a kawo bare. Aka kawo Taylor yana da shekara 41, ya kama aiki a Janairun 1994.

Watan nan ba zan manta shi ba, ba don Taylor ba. A watan ne aka karya darajar sefa a Dakar, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 a dare ɗaya. Ina kan kanta a lokacin. Wani Alhaji da ya yi odar kayan gyaran mota daga waje bai biya ba tukuna ya zo ya zauna a bencinmu tun safe har aka rufe, bai ce da kowa uffan ba. Bashinsa ya ninka yana barci. Na kawo wannan ne don ka san kayan da banki ke sayarwa ba kamar albasa ba ne da za ka matsa ka ji ta ruɓe ko ba ta ruɓe ba.

Mu koma London. Shekarunsa na farko sun yi kyau. Ya sa aka riƙa auna haɗarin kowane rance da lissafi tun kafin a bayar, maimakon manajan reshe ya ce "na san mahaifinsa". Kuɗin da ya ga bankin ba ya buƙata ya mayar wa masu jari ta hanyar sayen hannun jarin bankin daga kasuwa. Riba ta dawo. Rigimar daga ɓangaren manyan hada-hadar kasuwar jari ta taso. A 1997 ya sa wani sashe na BZW, reshensu na wannan harka, a kasuwa, kuma ya sanar da duniya zai sayar tun bai sami mai saye ba. Kai da kake yawon kasuwa ka san abin da ke faruwa da mai saniyar da kowa ya san dole ya sayar yau. Bankin Credit Suisse First Boston suka ɗauka da araha, aka yi ta sukarsa. Abin da ya rage aka sa masa suna Barclays Capital, aka ba wani Ba'amurke, Bob Diamond. A Agustan 1998 Rasha ta kasa biyan bashinta, Barclays ya ware fam miliyan 250 don toshe ramin. Wata guda bayan haka ga wani babban asusun zuba jari na Amurka, LTCM, ya durƙushe, Barclays na cikin bankunan da suka zuba kuɗin ceto, dala miliyan 300. Taylor ya kai wa daraktoci shawarar a raba bankin, kuɗin ajiyar talakawa gefe, cacar manyan kasuwanni gefe. Ba su bi shi ba. A Nuwamban 1998 ya ajiye aiki, bai cika shekara biyar ba.

Ra'ayina, kuma nawa ne ni kaɗai: kaifin kai bai gaza masa ba. Inda ya gaza shi ne jan mutane goma sha da ke zagaye da tebur su bi shi. Ɗan jarida ya saba in ya gano gaskiya ya rubuta ta da kyau, aikinsa ya ƙare. A banki ranar da ka gano gaskiya ranar aiki ya fara, don sai ka bi daraktoci ɗaya ɗaya, ka sha shayi da wanda ba ka so, ka bar wani ya ɗauka shawarar tasa ce. Na ga masu ilimi da yawa sun faɗi a nan, a reshe ƙarami ma, balle Barclays.

Bai lalace ba dai. Ya shugabanci hukumar WH Smith, masu shagunan littattafai da jaridu, daga 1999 zuwa 2003, ya yi wa Goldman Sachs mashawarci, ya shugabanci Syngenta ta ƙasar Suwizalan, masu iri da maganin feshi, daga 2005 zuwa 2013. Abin da ya fi ba ni sha'awa, bayan rikicin kuɗi na 2008 gwamnatin Birtaniya ta sa shi cikin kwamitin John Vickers, wanda a 2011 ya ba da shawarar a gina katanga tsakanin ajiyar jama'a da hada-hadar kasuwar jari. Dokar ta fara aiki a farkon 2019. Kusan abin da daraktocinsa suka ƙi ji ne shekara ashirin baya. Shi kuwa Diamond ya kai ga kujerar shugabancin, ya sauka a 2012 kan badaƙalar murɗa ma'aunin kuɗin ruwa na Libor, bayan an ci bankin tarar fam miliyan 290. Daga 2013 zuwa 2020 Taylor ya zauna a kwamitin Babban Bankin Ingila mai sa ido kan lafiyar harkar kuɗi.

Yanzu kai. Taylor ƙwaƙwalwarsa aka saya. Kai fa, me daraktan nan yake saye da jaka 220? Sake karanta abin da ka rubuta da hannunka: "da muryar da mutane suka saba da ita". Shekara bakwai manomi yana jin ka faɗi kuɗin masara, ya je kasuwa ya tarar haka ne. Wannan yardar ake so a ɗora a kan takardar buɗe asusu. Ban ce haramun ba ne, ban ce kamfanin na banza ba ne, ban san su ba. Amma daga wannan kujerar ba a zuwa ko'ina. Ban taɓa ganin mai talla ya zama manajan reshe ba a shekaruna 29. In da gaske yake da misalin Baturensa, ka koma ka ce masa teburin rance kake so, ko da rabin albashin ne. Kai ka san wane ƙauye ne auduga ta yi, wane ne tsutsa ta cinye, ka san watan da albasa ke faɗuwa, ka san wanda ke sayar da takin bashi ya yi biki. Yaran da ake kawowa daga Yawunde da digiri ba su san wannan ba. Amsar da zai ba ka ita za ta gaya maka ko kai yake so ko maƙogwaronka.

Uwar Hassana, Injamena

Baffa ya gama magana, ni abin da ya same ni kawai zan ƙara.

Ƙanena, irin aikin nan na yi. Ina rubutu a wata jaridar mako, aka ɗauke ni mai hulɗa da jama'a a wani kamfanin ajiya da rance. Shekara biyu ina jin daɗi, har fili na saya. Ni na riƙa bin matan unguwarmu ina ce musu su bar adashi su kawo kuɗinsu inda za a ba su littafi da hatimi. Masu ƙosai, masu kifi, wata tsohuwa da ke tara kuɗin Hajji shekara tara. Ban taɓa ganin lissafin kamfanin ba ko sau ɗaya, ban kuma tambaya ba, ni da aikina a da tambaya ne. Wata Litinin muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Daraktoci ba wanda ya san gidansu. Gidan mahaifiyata kowa ya sani. Wata uku mata suna zama a ƙofarta da littattafansu a hannu. Filin nan na sayar na rage wa wasu, tsohuwar kuwa ta rasu ba ta je ba.

Don haka kafin ka sa hannu ka nemi abu biyu. Na ɗaya takardar izininsu. Duk ƙananan bankunan nan, a Chadi ko Kamaru, ƙarƙashin sa idon COBAC suke, hukumar da ke kula da bankunan ƙasashen Afirka ta Tsakiya, kuma rukuni uku ne: masu hulɗa da mambobinsu kawai, masu karɓar ajiyar kowa su ba kowa rance, da masu ba da rance ba sa karɓar ajiya. Ka ga a wane rukuni suke, kuma abin da za su sa ka tallata yana cikin abin da aka yarje musu? Na biyu lissafin shekarar da ta wuce, wanda mai binciken waje ya sa wa hannu. In suka ce sirri ne, ka gode musu ka hau tsohon babur ɗinka.

Almajirin Ngaundare

Duk kun yi magana a kan albashi da kujera, ba wanda ya taɓo kuɗin ruwa. Malam mai tambaya, teburin rance da Baffa ke tura ka shi ne inda ake rubuta ruwan da hannu. Ni ba mai fatawa ba ne, amma ka zauna da malamin da ka yarda da shi kafin ka zauna da darakta. Kuma yanzu akwai wata hanya: bankin Afriland ya buɗe sashen hada-hadar Musulunci tun 2015, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya a kanta, wato murabaha. Mai sanin farashin kasuwa irinka ai a irin wannan wurin ya fi amfani, tunda kaya ake saye ba kuɗi ake haya ba.

Tsohon Akawu, Marwa

Malam ya yi gaskiya, kuma ba zan yi musu ba. Tambayar nan ta bi ni shekara 29, har yau ba ta sake ni ba. Ɗana, ka ji ta da kyau.

Direban Auduga, Gidar

Ni dai dariya labarin ya ba ni. Bature ya fara da zare, ya ƙare da maganin feshi, ashe duk yawonsa a gonar auduga yake bai sani ba.

Amma Malam, in ka tafi wa zai riƙa faɗa mana kuɗin buhu? Ƙanin babana ba ya kai gyaɗa kasuwa sai ya ji shirinka. Bara wani ɗan kasuwa ya zo har gida ya taya masa, ya ce a'a, yaron rediyo ya ce ta fi haka a Pitowa. Jaka huɗu ya ƙaru a kowane buhu. Ba cewa nake ka zauna da yunwa don mu ba, mai haya ba ya karɓar godiya. Ina dai gaya maka ne don ban ga wanda ya sa wannan a ma'auni ba.

Mai Farashin Kasuwa, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Adda, labarinki ya hana ni barci daren jiya. Direba, ka gaishe min da Baba, ka ce gyaɗa ta ɗan sauka wannan makon, ya dakata.

Na koma yau da safe. Na ce masa teburin rance nake so. Ya yi shiru ya dube ni, ya ce wa ya zuga ni. Daga baya ya ce in haka ne jaka 130, ba babur, gwajin wata shida, kuma a reshensu na wajen gari ba a Garwa ba. Amma ya ƙara da cewa ko a can ɗin zai so in riƙa yi musu tallar rediyo "lokaci lokaci". Takardar izini ya nuna min a bango, rukuni na biyu ne. Lissafin shekara kuwa ya ce sai ya tambayi na sama, daga baya da zan fita sakatariyarsa ta miƙo min kwafi shafi shida, ban sani ba ko shi ya sa ta. Na buɗe na ga lambobi kamar tururuwa. Malamin unguwarmu kuma sai bayan Juma'a zan same shi.

Baffa, a cikin shafi shidan nan ina ake fara dubawa?

Tsohon Akawu, Marwa

Ba a fara da riba, kowa ya iya rubuta riba. Nemi layin rancen da aka daina biya, ka ga kashi nawa ne na duk abin da suka bayar, sannan ka ga nawa suka ware don toshe shi. Bayan nan ka duba ko daraktoci da danginsu suna cikin masu cin bashin. Sai shafin ƙarshe, ka ga ko akwai sa hannun mai binciken waje, da abin da ya rubuta a saman sa hannun, don a nan suke ɓoye "amma".

"Lokaci lokaci" ɗin nan kuma kada ka bar shi a baki. Ko a cire shi, ko a rubuta a kwantiragi sau nawa ne da nawa za a biya.

A waya ba zai yiwu ba. Ka shigo motar safe ranar Asabar da takardun, in ka iso tasha ka kira ni ta akwatin saƙo in turo jikana ya ɗauko ka. Ka zo da fensir, ba biro ba. In ka sami busasshen kifin Lagdo mai kyau ka riƙo min na jaka biyu, zan biya, na nan duk ƙaya ne.